Ɗakin da Aka Gina wa Hadari

Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne ku tare ta. Ku matso kusa, amma wancan gefen tabarmar ku bar shi yadda yake, mai wurin ba ya tare da mu bana.

Wata shekara bazara ta yi tsawo, har ƙasa ta tsattsage kamar dugadugan tsohuwa. Ran nan da hantsi sai shamuwa ta sauka a kan kukar bakin gari, ta kakkaɓe fukafukai. Kowa a dawa ya san abin da saukar shamuwa ke nufi. Damina na biye da ita, kuma ruwan farko ba ya sallama, da iska yake shigowa.

Nan da nan gari ya kacame da aiki. Ɓauna ta yanko shuci dami goma sha biyu, za ta sake baibaye ɗakinta. Kura ta tara ƙasa tuli guda, za ta yaɓe bangonta da ya tsage. Mugun-dawa ya murza igiyar kaba, ya fere turaku, don ya ɗaure jinkarsa kada iska ta yi gaba da ita.

Kurege kuwa ba shuci, ba ƙasa, ba igiya. Abin da ya mallaka rami ne a cikin kwari, wanda uwarsa ta haƙa tun tana raye. Bara ruwa ya cika ramin, ya tafi da 'yar tukunyarta da faifanta, shi kansa da ƙyar ya fito yana tari. Bana in ruwan farko ya same shi a kwarin nan, sai dai wani ya ba da labarinsa. Ɗaki yake so a kan tudu, busasshe, da abinci a ciki. Abin da ba ya so shi ne hannunsa ya taɓa laka.

Sai ya ce bari ya kira gayya. Al'adar garin ke nan: wanda aiki ya fi ƙarfinsa ya kira maƙwabta su taru su yi masa, shi ya dafa musu abinci, ran da nasu ya taso shi ma ya je.

Ya fara da Ɓauna. Ya ce, "Inna, barka da aiki. Jibi ina gayyar gini."

Ɓauna ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Bara da na kira tawa, yaushe ka zo?"

"Na zo mana, Inna! Har kin manta?"

"Ban manta ba. Ka zo ana sauke tukunya, ka tafi ana wanke hannu."

Ya wuce wurin Kura. "Gwaggo, jibi ina gayya."

Kura ta yi dariya har ta zauna daɓas a kan tulin ƙasarta. Ta ce, "Zan zo, ɗana. Me za ka dafa? In babu nama kada ka damu, kai ma ka isa loma ɗaya."

Mugun-dawa kuwa bai tsaya jin ƙarshen magana ba, turke ya jefo masa.

Kurege ya koma bakin raminsa ya zauna, ya dubi gabas. Can ƙasa-ƙasa akwai wani ɗan baƙi kamar an goga gawayi a gefen sama. Ya shafa cikinsa, ya shafa gemunsa da babu, sai ya miƙe a kan ƙafa biyu ya buga ƙirji.

"Ni ne Kurege, na Kwari jikan na Kwari! Ƙafata ba ta taka laka, cikina ba ya yini wayam. Manyan kawunan nan su za su gina mini ɗaki, su cika shi da gyaɗa, sa'an nan su durƙusa su yi mini godiya!"

Da gari ya waye, ya tafi ramin da ake haƙar jar ƙasa. Ya yi birgima a cikin laka har ya koma jawur daga hanci zuwa farce. Bindinsa mai gashi, wanda kowa ke gane shi da shi, ya naɗe a ka ya zama rawani, ya shafe shi da laka. Ya tsaya a rana ya bushe. Ya samo kara ya yi sanda, ya zagaya ya shigo gari ta gabas, yana ɗingishi yana tarin tsofaffi.

Ya tarar da su ukun a inuwa suna shan ruwa. Ya yi musu sallama. Ya zagaya ɗakin Ɓauna, ya ƙwanƙwasa bango da sanda, ya girgiza kai. Ya zagaya na Kura, ya girgiza kai. Ya dubi igiyoyin Mugun-dawa ya ce, "Kayya. Kayya, kayya."

Ɓauna ta ce, "Lafiya, baƙo?"

Ya ce, "Sunana Jatau, Sarkin Magina na Gabas. Daga inda hadari ke tasowa na fito, na baro shi yana ɗaure kaya. Na bana ba irin na bara ba ne, ya ƙara ƙiba. Ina masaukinsa?"

Kura ta ce, "Masaukin wa?"

"Na hadari mana! Au, ba ku gina masa ba?" Ya saki sandar ta faɗi, ya kama baki. "Shi ya sa! To ku gaya mini, in kun yi tafiyar wata guda kuka iso gari, ba wanda ya ce muku ga ɗaki, ga ruwa, me za ku yi? Hadari baƙo ne. Gida-gida yake bi yana neman inda zai miƙe ƙafa. In ya zo ƙofa ba a ce masa maraba ba, sai ya ɗaga jinka ya leƙa ko akwai wuri. Ku kuna cewa ɓarna yake yi, bawan Allah masauki yake nema. Mu a garinmu ɗaki muke gina masa a kan tudu, mu zuba masa abinci. In ya iso ya shiga, ya ci, ya kwanta, sai yayyafi mai laushi ya aiko wa gonaki. Shekara arba'in ko tsinke bai taɓa tashi daga jinkata ba."

Ɓauna ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta. A duk garin ba mai son a ce ta iya karɓar baƙo kamarta. Ta ce, "Wayyo ni. Ashe duk shekarun nan baƙo muke bari a waje, har muna zaginsa."

Mugun-dawa ya ƙura wa baƙon ido. Ya ce, "Ranka ya daɗe, muryar nan taka kamar na san ta."

"Ka san ta mana, yaro. Ni na gina wa kakanka ɗaki. Kana kwance kana tsala kuka, ko haure ba ka yi ba."

Mugun-dawa ya kau da kai, don ba ya son a tuna lokacin da ba shi da haure.

Da gari ya waye, aka hau tudu aka fara gini. Kura ta kwaso ƙasarta duka. Ɓauna ta shiga ciki da kofato tana cuɗawa da ciyawa, zufa na zuba. Mugun-dawa na jido ruwa daga rafi, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Sarkin Magina kuwa yana gindin tsamiya a kishingiɗe, ƙwaryar fura a gefe, yana nuni da sanda.

"Ƙara ruwa! Ya yi yawa, ƙara ƙasa! Ke mai dariya, tubalin nan naki ya karkace kamar bayanki!"

Kwana uku bango ya tashi. Da aka zo kan ƙofa, ya auna ta da jikinsa, ya ce nan za a tsaya.

Mugun-dawa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙofa ko hancina ba zai shiga ba."

"Kai aka gina wa? Iska ƙashi gare ta? In aka yi ƙofa mai faɗi, ku ke nan kullum kuna leƙen baƙo yana cin abinci. A garinku haka ake yi?"

Ɓauna ta harari Mugun-dawa. Aka bar ƙofa yadda take.

Aka haɗa jinka, aka baibaye ta da shucin Ɓauna, dami goma sha biyun nan ba a rage ko ɗaya ba, har ta yi kauri kamar bargo. Aka ɗaga aka ɗora. Aka kafa turakun Mugun-dawa a kusurwa huɗu, aka ɗaure jinkar da igiyoyinsa huɗu, tamau. Sarkin Magina ya taɓa igiya ɗaya, wata dabara ta faɗo masa. Ya ce, "Rana za ta ƙona su. A shafe su da man gyaɗa da zuma, a shafa sosai ya ratsa." Shi dai abin lasa yake tanadar wa kansa in ya fito shan iska.

Sai abinci. Ya ce kwando uku na gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da tulun zuma.

Kura ta ce, "Hadari ba ya cin nama ne?"

"Ya daina. Haƙoransa sun zube."

"To, ƙuli-ƙulin fa?"

"Tsotsa yake yi. Ke yawan tambaya gare ki."

Da aka gama, Ɓauna ta dubi garinsu a ƙasa, ga tsohuwar jinkarta baƙa ƙirin, ga bangon Kura a tsage. Ta ce, "Ranka ya daɗe, namu fa? Kayan gyaran duk sun ƙare a nan."

"Naku ba sa bukatar komai. Wanda ya sami masauki irin wannan, me zai kai shi gidan wani?"

Suka durƙusa suka yi masa godiya. Ya ce shi zai wuce yamma ya gargaɗi sauran garuruwa, amma zai riƙa leƙowa. Ya bi hanya yana ɗingishi har suka sauka, sa'an nan ya zagayo ta bayan tudu, ya shige ɗakin sumul. Ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon gyaɗa.

"Ni ne Kurege, mai gayya ba tukunya! Ɓauna ta cuɗa, Kura ta ɗora, mai haure ya ɗaure, ni na shiga! Ruwa, zo in kana zuwa, ka tarar da ni a bushe!"

Da gari ya waye, hadari bai zo ba. Gabas ta yi baƙi da la'asar, ta sake washewa. Washegari ma haka. Kurege kuwa ba ya cin abinci kamar mai tunanin gobe. In ya farka ya ci, in ya gaji da ci ya huta da ƙuli-ƙuli. A kwana na huɗu abincin da aka tanadar wa hadari na damina guda ya zama ɓawo.

Ya gyara rawaninsa ya gangara gari. Ya ce, "Albishirinku! Guguwa ta zo duba wa maigidanta masauki. Ta yaba ƙwarai. Sai dai ta ɗan ɗanɗana abincin."

Kura ta ce, "Bayan ɗanɗanon, nawa ya rage?"

"Kwandunan suna nan lafiya."

Suka sake cika kwando biyu. Bayan kwana uku ya dawo ya ce guguwar ta sake zuwa, wannan karon da ƙanwarta.

Mugun-dawa ya taka ƙasa. Ya ce, "Ba ƙari. Mu ba dangin hadari muka ce za mu ciyar ba. In mai ɗakin ya iso da kansa, ma kai masa."

Ɓauna ta so ta yi magana, amma ta tuna rumbunta ya kusa nuna gindi, sai ta haƙura.

Kurege ya koma tudu ciki na ƙugi. Ya tona ɓawo, babu ƙwaya. Ya sa kai a tulun zuma, ko ɗigo. Sai ya tuna igiyoyi. Ya fita ya lashi ta farko daga turke har inda harshensa ya kai. Zaƙin ya ratsa har ciki, kamar yadda ya ce a yi. Ya ɗan ciza don ya tsotso na cikin. Ya ƙara cizawa. Igiya ta ce ɓat.

Ya ce, "Ɗaya ce. Uku sun isa."

Da rana ta take ya ce, "Biyu ma sun isa. Jinkar nauyi gare ta."

Kafin rana ta faɗi saura ɗaya, ita ma ya ci rabin kaurinta, ya bar rabin don karin kumallo.

Da gari ya waye, ko ganye ba ya motsi. Tsuntsaye suka yi tsit. Tururuwa suka fito a jere suna ɗauke da ƙwansu zuwa tudu. Da azahar ta gota gabas ta haɗe, baƙin ya taso yana cin sama a hankali har ya haɗiye rana. Sai wata iska mai sanyi ta fara isowa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ƙamshin nan da ke tuna wa mutum wanda suka yi shuka tare bara, bana kuwa babu shi.

Sa'an nan hadari ya iso, kuma bai ko kalli tudu ba. Cikin gari ya faɗa. Tsohuwar jinkar Ɓauna ta tashi sama ta watse kamar an fige kaza. Bangon Kura ya sha ruwa ta tsagar nan, ya durƙusa, ya kwanta. Jinkar Mugun-dawa da ba igiya ta sauka ƙasa tana gangarawa, shi yana bin ta yana kiran ta tsaya.

Ɓauna ta yi ihu cikin ruwa, "Kun gani! Baƙo ya iso ya tarar ba abinci! Kai ka ja mana, mai haure!"

Suka kwashi gyaɗar da ta rage a rumbu, suka hau tudu da gudu, suna zamewa suna tashi. Suka zube a gaban 'yar ƙofar nan, ruwa na dukansu.

Ɓauna ta ce, "Baƙonmu, ranka ya daɗe, sannu da hanya! Mun yi kuskure. Ka yi haƙuri ka janye hannunka daga gidajenmu!"

Kurege na ciki a bushe, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da ya ji su, daɗi ya kusa kashe shi. Ya jawo tulun zuman nan da ba komai, ya cusa kansa ciki, ya yi magana. Muryar ta fito da kauri kamar daga rijiya.

"Ni ne Hadari ɗan Gabas, mai tafiya da ganguna! Na yi tafiyar wata guda na tarar da ɓawo! Ɓawo za ku ba ni?"

Daidai nan aradu ta fashe a bisa kansu. Kura ta kwanta rub da ciki. Ta ce, "Ga gyaɗa, ranka ya daɗe, ga ta nan!"

"Ku turo ta ƙofa! Kada wanda ya leƙo!"

Suka tura. Kurege ya zaro kai, ya cika kumatu biyu, ya mayar da kai tulu.

"Wane ne ya ce ba ƙari?"

Ɓauna da Kura suka juya suka dubi Mugun-dawa.

"Ya goga hancinsa a laka sau bakwai, yana cewa na tuba!"

Mugun-dawa ya goga. Kurege na jin "na tuba, na tuba" yana rawa da ƙafafun baya, kai a tulu. Da ya tsaya nan, da ya ci riba. Amma ina.

"Ku ƙananan halittu, ba ku san ƙarfina ba! Gidajenku wasa na yi da su! Wannan ɗakin ma da kuke taƙama kun ɗaure, in na ga dama yanzun nan sai in ɗaga jinkarsa da ɗan yatsa ɗaya!"

Iska kamar tana saurare. Ta zagayo ta bayan tudu, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin jinkar. Rabin igiyar nan da aka bari don karin kumallo ta ce tas. Jinka ta tashi gaba ɗaya, dami goma sha biyu, ta yi juyi biyu a sama ta nufi yamma.

Su ukun suka ɗago kai. Suka miƙe a hankali. Bangon bai wuce ƙirjin Ɓauna ba, suka leƙa ta sama.

Ga wani ɗan abu tsaye a tsakiyar ɓawon gyaɗa, kansa a cikin tulu. Ruwa na zuba a kansa, jar laka na narkewa tana bin ƙafafunsa. Rawanin da ya cusa a bakin tulu ya jiƙe, ya warware, ya zamo waje ya faɗi shaɓal, bindi mai gashi. Shi kuwa bai san abin da ake ciki ba, don a cikin tulu duk ƙara ɗaya ce.

"Ku ƙaro gyaɗa! Kuma gobe ina son zuma, tulu biyu!"

Kura ta ce, "Inna, hadari bindi gare shi?"

Mugun-dawa, laka na ɗiga daga hancinsa, ya ce, "Na ce na san muryar nan."

Ɓauna ta ja da baya taku uku, ta zo ta yi wa bangon karo. Bango ya rufta, tubali ya faɗa a kan tulu, tulu ya fashe a kan Kurege. Ya buɗe ido ya ga sama a buɗe, ga fuskoki uku.

Ya ce, "Inna! Gwaggo! Kawu! Kun ga abin da ya yi? Yanzun nan ya fita, ni ma gaishe shi na zo yi!"

Kura ta kai masa cafka, ta sami ƙarshen bindi, ta tashi da baki cike da gashi. Ya zille ta tsakanin ƙafafun Ɓauna, kofato ya taka masa yatsa. Ya yi ihu ya yi gaba, Mugun-dawa ya tare shi ya sa haure ya cilla shi sama. Ya faɗo a gangaren tudu inda ruwa ke gudu, ruwan ya ɗauke shi yana juyi, ya buga shi da dutse, ya buga shi da kututture, ya wuce da shi ta gefen kwarin da ya zama tafki. Da ƙyar ya kama saiwar wani kalgo ya fito. Yana jin muryar Kura a baya tana rantsuwa, ya ja ƙafa ya faɗa cikin wani tsohon suri da gara suka bari.

Surin yoyo yake ta wuri uku. Kurege ya takure a inda ɗigon ya fi sauƙi. Goshi ya kumbura, yatsa na zogi, bindi ya zama kamar tsohuwar tsintsiya. Ya taɓa kumatunsa, ya ji gyaɗar nan tana nan, duka biyu. Ya fito da ɗaya ya ɓare, ya tauna a hankali yana kallon ruwa ta bakin rami.

"Ni ne Kurege," in ji shi, murya na rawa don sanyi. "Wa ya taɓa sa Ɓauna ta gaishe da tulu? Wa ya sa mai haure noma da hanci? Gini kam ba shi da laifi, ni na tsara shi. Laifin igiya ne. Wa ya ce su yi ta da daɗi haka?"

Ƙurunƙus, ta tsaya a bakin suri. Mai jinka ya tashi ya duba igiyarsa.